Wake a Kwanon Ƙaton Banza

Ba zan taɓa mantawa da kwana goma sha ɗayan da na yi ina gadin tsuntsu ba. Ni da na binne miji biyu, na rayu da suyar ƙosai.

Wankan jego na je yi wa autata Hafsatu a Kuala Lumpur, korona ta rufe hanya. Muka maƙale a wani ɗan gida a Kampung Baru, ni da ita da jaririya da surukina, Baban Amira. Karatun digirinsa a kan shahon ruwa ne, mai cin kifi. Sheƙar tana can ƙasar Turawa, an kafa mata kyamara, shi kuma daga azahar zuwa isha yana gaban kwamfuta yana rubuta wanda ya kawo kifi. (Gwamnati ta turo mutum Maleshiya ya kalli tsuntsun Turai.)

Sai cutar ta kama shi, aka kwantar da shi asibiti. Hoton ba ya ajiyuwa, abin da ya wuce ya wuce. Hafsatu ta ce idan aka rasa kwanakin kwancin nan, sai ya ƙara shekara, tallafinsa kuwa ya zo ƙarshe.

Na ce, "Kawo kujera."

Ban yi boko ba, amma na iya wake. Jan kwano na namiji, fari na mace. Wanda ya kawo kifi, ƙwaya ɗaya. Da isha in ƙulle na ranar a leda, na kowane kwano daban. Tsuntsayen biyu ne, babba da ƙarami. Ban tambayi kowa ba. Na yi kiwon kaji, na san zakara.

Abin da na gani ya ƙona mini rai. Ƙaramar ta fita cikin ruwan sama ta kawo kifi, ƙaton ya ƙwace ya koma ya kwanta. Kullum. Bayana ya sage, idona ya yi ja, farin kwano yana ta cika.

Da aka sallamo shi, duk ya rame, ya zauna a ƙasa na jera masa ledojin. Ban saba magana gabansa ba, sai na fuskanci Hafsatu.

"Gaya masa mijin nan ƙaton banza ne. Ko kifi ɗaya bai kamo ba. Haka ubanki yake, Allah ya jiƙansa. Irin mazan da ke zaune a ɗaki wuni guda, mace na fita kanti neman abinci."

Sai da na rufe baki na tuna wa ke zaune a ɗaki wuni guda a gidan nan. Hafsatu ta sunkuyar da kai.

Ya yi tari, idonsa a ƙasa. "Umma, ai babbar ita ce macen. Kwancin ƙwai take yi. Ƙaramin ne mijin."

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya ɗauki kwanukan biyu, ya sauya musu wuri, fari ya koma na namiji, ja na mace. "Shi ke nan, lissafi ya fita. Ba ki tsallake ko ɗaya ba."

Bai ƙara shekarar ba. Ni kuwa kwana uku a ɗaki na ci abinci. Tun daga nan, kafin in zagi namiji, sai na tabbatar ba a kan ƙwai yake kwance ba.