Tashar da Na Hango Daga Taga

Ba zan taɓa mantawa da safiyarmu ta farko a sabon gida ba. Har yau idan jirgin ƙasan da nake ciki ya zo wucewa ta wajen, sai in sunkuyar da kai kamar mai duba takalminsa.

Abin ya faro ne da gida ya yi mana girma. 'Yarmu Nafisa ta yi aure, mijinta ya tafi da ita Kaduna. Ɗanmu Sadiƙ ya koma Kano karatu. Muka rage daga ni sai Maman Nafisa a nan ƙasar Larabawa. Ni ɗaurin kaya nake yi a wani shagon kago, masu aika kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar, ita kuma tana girki a gidan abincin mutanenmu a unguwar Deira. Kullum sai mun hau bas zuwa tasha, sannan mu shiga jirgi. Gwiwarta ta dama ta daɗe tana damunta. Don haka da maganar canza unguwa ta taso, buƙatarta ɗaya ce tal.

"Malam, ni ba na son komai. Inda zan fito in taka kaɗan in shiga jirgi, shi ke nan."

Aminiyarta Hajiya Binta, mai sayen abayoyi tana aikawa Kano, ta samo mana ɗan ƙaramin gida a Al Rigga, ƙofar tasha na nan ƙasan bene. Na je na gani. Tsohon gini ne, ga hayaniya, kuma na ga kyankyaso a bayan ƙofar kicin. (Ku yi mini uzuri, ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta, in na kai bakin titi in sake dawowa.) Na wuni ina tunanin danginsa da ban gani ba. Washegari na ce ban yarda ba.

"Alhaji, kyankyaso ne zai raba ka da tasha a bakin ƙofa?" in ji Hajiya Binta.

"Hajiya, ku gaggawa ce da ku. Gida ba abaya ba ne da za a ɗauka don an ga launi ya yi kyau."

Ni na faɗi haka, da bakina, a gaban matata.

Na nemo dillali da kaina. Ya ɗauke ni a motarsa zuwa wata sabuwar unguwa, ya hau da ni sama, ya yaye labule. Ga tasha can tana sheƙi, ga jirgi yana wucewa, har kawunan fasinjoji ina hange. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kusa, habibi, kusa."

Daga nan na shiga bincike irin nawa. Na duba alƙibla don kada banɗaki ya fuskance ta (a ƙasar nan yamma ake kallo a yi salla, abin da har yau zuciyata ba ta gama sabawa da shi ba). Na buɗe famfo, na durƙusa na shinshina magudanar ruwa. Na ƙwanƙwasa bango. Na tare mai gadi ina tambayarsa ko akwai mai kare a benen, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Na yi ta komawa, amma kullum a mota, saboda daga wajen aiki nake satar jiki. Tsakanin gidan da tashar kuwa, a raina, titi ne kawai. Ni da na tashi ina tsallaka titin Zariya da buhu a ka, wane titi ne zai dame ni? Ka ɗaga hannu, mai mota ya zage ka, ka wuce.

Na sa hannu a yarjejeniyar shekara guda. Muka tare a tsakiyar zafi.

Hajiya Binta ta kwana wajenmu tana taya jera kaya, don haka mu uku muka sauko da safe. Na sa sabuwar jallabiya fara, ina gaba ina tafiyar mai gida. Muka sha kwana, sai na tsaya cak.

Shingen ƙarfe ne, tsayinsa har ƙirjina, ya miƙe dama da hagu iya ganin ido. Bayansa layukan motoci ne suna gudu kamar an koro su, ba danja, ba wajen tsallakawa. Wani mai shara ya nuna mana da tsintsiyarsa: sai mun bi shingen can, mun wuce gidan mai, mun hau gada, sannan mu dawo baya.

Maman Nafisa ta ɗaga kai ta duba can nesa. Gadar kawai take kallo.

"To Alhaji," in ji Hajiya Binta, "ina ƙofar? Ko ita ma a taga ka baro ta?"

Da na yi shiru da na tsira da sauran mutuncina. Amma sai na ce, "Akwai hanya. Ku tsaya ku gani."

Na tattare jallabiya, na ɗora ƙafa, na haye. Ƙafa ɗaya ta tsallaka, ɗaya ta ƙi. Rigar ta maƙale a ƙarfe, na ji "ƙiiit" tun daga gwiwa har ƙugu. Takalmina ya faɗa ɓangaren motoci. Ga ni zaune a kan shinge kamar mai sukuwa a kan jaki, ƙarfe ya ɗau zafi yana gasa ni, in yi gaba ba dama, in yi baya ba hali. Motoci suka dinga hon. Wata bas cike da leburori ta rage gudu, wani ya leƙo yana tafa mini.

A haka motar 'yan sanda ta same ni.

Ɗan sandan bai kai Sadiƙ shekaru ba a idona. Ya riƙe ni ta hammata yana cewa, "Shwaiya, shwaiya, hajji," wato a hankali, ya sauko da ni kamar kwalin kofuna. Ya tambayi inda za ni, na nuna tasha. Ya kalli tashar, ya kalle ni, ya yi wata doguwar magana da Larabcina bai kai ba.

"Tambaya yake ko lafiyar kanka ƙalau," in ji Hajiya Binta. "Me zan ce masa? Ba na son in yi wa hukuma ƙarya."

Tara dai an ci ni, kuma ban isa in ce an zalunce ni ba.

Muka bi hanyar gada, ni da takalmi ɗaya, ina riƙe da yagaggiyar riga. Maman Nafisa tana tafiya tana hutawa, gumi ya jiƙa mayafinta. A gindin gadar ta zauna a kan dakali, ta kama gwiwar da hannu biyu.

"Malam, ka shinshina magudana, ka tambayi kare," ta ce a hankali. "Ƙafata ce kawai ba ka tambaya ba."

Ta gwada hanyar na ɗan lokaci, gwiwar ta kumbura. Gidan Al Rigga kuwa tuni wani ya kama. Yanzu ranakun aiki a wajen Hajiya Binta take kwana, sai ƙarshen mako ta zo mini a tasi kamar baƙuwa. Na nemo mana gidan da za mu tsufa tare, na ƙare ni kaɗai a ciki.

Abin da na koya bai da yawa. In dillali ya ce maka kusa, ka sa ya ajiye motarsa, ku taka da rana tsaka, kuma mai ciwon ƙafa ta yi gaba. Ran nan Nafisa ta bugo waya tana tambayar yaya sabon gida. Na ce mata alhamdulillahi, banɗakin bai kalli alƙibla ba.