Rasuwar Baba Ƙyafta, Wanda Aka Goge Ranar Litinin

Da zuciya cike da alhini, da jakar tafiya da har yanzu ba a kwance ba, nake sanar da rasuwar akwatin rarraba intanet na ofishinmu, wanda ma'aikata suka fi sani da Baba Ƙyafta. Ya rasu ranar Litinin da ƙarfe tara da minti goma sha biyu na safe, a kan kantarsa da ke ƙaramin ɗakin bayan matakala. Shekararsa goma sha ɗaya yana aiki.

Marigayin mai ramuka ashirin da huɗu ne, kowane rami da wayarsa, kowace waya da teburin da take kai wa intanet. Bai taɓa neman ƙarin girma ba. Ba shi da yawan magana, in ban da "zuuuu" da fankarsa ke yi, sai kuma "ƙit-ƙit" idan zafi ya dame shi. Korayen fitilunsa kullum cikin ƙyaftawa suke, nan ya samo sunansa.

Ni kaɗai na san halinsa, shi ya sa ban taɓa samun hutu ba. A watan jiya manaja ya kawo mana mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ba shi da jiki, cikin kwamfuta yake aiki. Muna ce masa Sabon Ma'aikaci. Manaja ya ce in rubuta littafin kula da marigayin yadda Sabon Ma'aikaci zai gane. Idan ya gane, in tafi hutun mako biyu. Maiɗakina ta sanar da danginta tun kafin in rubuta shafin farko.

Na rubuta shafi tara. Sabon Ma'aikaci ya karanta cikin daƙiƙa uku, ya ba littafin maki huɗu cikin goma, ya lissafo wurare goma sha bakwai da ya ce ba su fito fili ba. Ya tambaya wanne ne "ramin mai tari". Na ce rami na bakwai ne, na wani sakatare mai yawan tari da ya bar aiki shekara shida da suka wuce. Ya tambayi ma'anar "idan ya yi fushi a lallaɓa shi", da kuma yawan mintunan da ke cikin "a ɗan jira kaɗan". Na gyara wurare goma sha shida.

Na goma sha bakwai yana shafi na uku: "A goge shi duk ranar Litinin." A nan na tsaya. Na gaya wa manaja cewa duk wanda bai san ma'anar "goge" ba, bai kai a ba shi aiki ba.

Don amfanin masu karatu, abin da nake nufi shi ne ƙura. Baba mai shara ce ke yin wannan da tsummanta tun ranar da aka kawo marigayin. Sabon Ma'aikaci ba shi da hannu, ba shi da tsumma. Gogewa ɗaya ya sani: ta share duk abin da ke cikin kan na'ura.

Ranar Litinin ina tashar mota, jaka a kafaɗa, saƙonsa ya shigo wayata: "Goge me ake nufi? Duka?"

Direba na kiran fasinja, maiɗakina na cewa, "Maigida, ko dai ka ajiye wayar nan, ko ka aure ta ku tafi tare." Na amsa wa Sabon Ma'aikaci: "Eh, goge shi tas, ciki da waje."

Ya sake rubutowa: "Ka tabbata? Idan an yi, ba ya dawowa."

Na amsa: "Shekara goma sha ɗaya ana yi, bai taɓa mutuwa ba."

Adalci ya sa in ambata cewa ya tambaya sau na uku. Ban gani ba, ina rigimar kujerar gaba.

Shaidu sun ce fitilun marigayin sun kunnu duka lokaci guda, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi "ƙit" sau ɗaya, fankar ta tsaya. An kashe an kunna sau biyar, bai motsa ba. Akwai kwafin duk abin da ke cikin kansa, amma na ajiye shi a kwamfutar da sai ta hanyarsa ake isa gare ta. Motarmu ba ta kai shataletale na biyu ba manaja ya kira. Na sauka. Jakar abinci ta wuce tare da maiɗakina.

Ya rasu ya bar wayoyi ashirin da huɗu, uku daga cikinsu ba wanda ya san inda suka nufa. Ya bar kwamfutoci goma sha tara, da firinta wadda dama ba ta jituwa da shi, da ma'aikata talatin da a yanzu suka gano cewa abokan zamansu suna da fuska. Ya kuma bar Baba mai shara, wadda ta ce min, "Ɗan nan, da ni ka tambaya, da na ce ka rubuta tsumma. Kalma ɗaya ce fa."

Za a sauke shi daga kanta ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a kai shi sito, a kwantar da shi kusa da tsohon injin fakis. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin bayan matakala, inda zan kasance tsawon mako biyun da aka ba ni, ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ana roƙon masu zuwa su shigo mutum ɗaya-ɗaya, ɗakin ba ya ɗaukar biyu. Kada a kira maiɗakina don yi mata gaisuwa, ba ta ɗaga waya, har da tawa.

An gyara shafi na uku. Yanzu yana cewa: "A goge ƙurar da ke jikinsa da busasshen tsumma, kuma mai hannu ne zai yi." Sabon Ma'aikaci ya sake karanta littafin, ya ba shi goma cikin goma. Kafin a rufe sito, Baba mai shara za ta bi wannan umarni sau ɗaya.

Sanarwa daga jami'in kula da na'urori, a madadin wayoyin da aka bari.