Yadda Za Ka Zama Ginshiƙin Makaranta da Guntun Baƙin Salatif

Wayewar ɗan Adam ta taka matakai uku: gano wuta, ƙirƙiro rubutu, da ɗaukar mai kula da netwok ɗin kwamfutoci aiki a makarantar sakandare. Biyun farko share fage ne kawai. Na tabbatar da haka cikin shekara goma sha shida da na yi ina zaune a wani ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda, daura da banɗakin malamai.

Kai da ka samu irin wannan aiki, ga matakai bakwai. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari za a canja shugaban makaranta sau uku, a canja fentin bango sau biyu, kai kana nan daram, ana gaishe ka da hannu biyu.

Zan riƙa kawo misali da wani mutum da ake kira Injiniya. Ba ni ba ne. Sanƙonmu iri ɗaya ne, shi ma labarin ƙasa ya karanta a jami'a, shi ma ɗakinsa a ƙarshen baranda yake, amma ba ni ba ne.

Mataki na 1: Samu ɗaki, ka kulle shi

A kowace makaranta akwai wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda makin kowane ɗalibi yake kwance a cikinta. Nemi a ba ta ɗakinta. Ka ce zafi na kashe ta, dole a saka mata iyakwandishan. Gaskiya ka faɗa, kuma ba laifinka ba ne idan kujerarka ta kasance a ƙarƙashinsa.

Rubuta BA A SHIGA a ƙofa. Mutane ba sa girmama abin da suka gani. Da a ce malamai sun leƙa ɗakin Injiniya, abin da za su tarar shi ne kujera mai karyayyen hannu, butar shayi, kwali cike da matattun linzaman kwamfuta, da wayoyi a cukurkuɗe kamar an zubar da hanji. Da yake ba su leƙa ba, sai suke rage murya idan sun zo wucewa.

Mataki na 2: Kada ka taɓa gyara abu da sauri

Wanda ya gyara abu cikin minti ɗaya, ladan minti ɗaya ake ba shi.

Wata rana Malamin Fiziks ya aiko a kira Injiniya, firinta ta ƙi aiki. Mutumin nan ya rubuta littafi sukutum a kan yadda lantarki ke tafiya cikin waya. Tun daga bakin ƙofa Injiniya ya hango filogin firintar yashe a ƙasa, mai shara ta ture shi da tsintsiya. Bai duƙa ba. Ya ja kujera, ya tsura wa allon kwamfuta ido, ya yi tsaki sau biyu.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Wallahi ba ni ba ne, Injiniya," in ji marubucin littafi, hannuwa a baya.

"Ka ɗan ba ni wuri."

Malam ya fita. Injiniya ya maƙala filogi, ya zauna ya ƙirga silin har minti ashirin, sannan ya fito yana share goshi.

Idan kuma abu ya gagare ka da gaske, ɗaga kai ka ce, "Matsalar daga sama ce." Jama'a sun yarda intanet a sama yake zaune, tare da hadari, kuma babu wanda zai tura ka ka hau ka dubo. Akwai uban da ya zo takanas ya roƙi Injiniya ya toshe intanet ɗin makaranta gaba ɗaya saboda yana lalata tarbiyyar ɗansa. Da zai tafi, sai ya dawo ya tambayi kalmar sirri, datarsa ta ƙare.

Mataki na 3: Samu abokin hamayya, ya fi kyau tsohuwa

Ba a gane zamani sai an nuna wanda aka bari a baya. Na Injiniya ita ce akawun makaranta, wadda kowa ke kira Inna Rajista. Shekara talatin tana rubuta makin ɗalibai da biro a cikin wasu manyan littattafai masu baƙin bango. An kawo kwamfuta, an ce ta daina. Ta ce to, ta ci gaba.

Idanunta sun yi yana, sai ta kai hanci kusa da takarda take gani. Wata takwas ta yi a layin asibiti kafin a ba ta ranar aiki, ta maƙale katin a jikin kalandar ofishinta da allura. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa: "Ranar nan za a wanke mini ido, in ga munin fuskokinku da kyau."

A taron ma'aikata, tashi ka yi misali da ita. Injiniya ya yi haka.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Shugaba, "duniya ta kai wata, mu muna ajiye makomar yara a abincin gara."

Aka yi dariya. Inna ta juyo wajen da muryar ta fito.

"Ɗan nan, littafina ko an ɗauke wuta yana buɗuwa."

"Inna, zamanin takarda ya wuce."

"To Allah ya raka taki gona. Idan ya dawo ya same ni a ofis."

Kada irin wannan amsa ta dame ka. Ka yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Mataki na 4: Yi ajiya, ko dai ka ce ka yi

Kowane masani zai gaya maka a riƙa kwafe abin da ke cikin saba ana ajiyewa a wani faifai dabam, saboda bacin rana. Kai ma ka riƙa faɗin haka da ƙarfi a kowane taro. Rigakafi ya fi magani, musamman a baki.

Makaranta ta saya wa Injiniya faifan ajiya sabo dal. Ya yi niyyar haɗa shi ranar Litinin. Kafin Litinin ɗin ta zo ya lura kwalin faifan daidai yake da gindin butar shayi, yana hana ruwa ɓata tebur. Shekara uku ke nan.

Amma kada ka ɗauka bai yi ajiya ba. Kowace Juma'a yana kwafe makin ɗalibai tsaf, ya zuba a wata folda da ya raɗa wa suna AJIYA da manyan baƙaƙe, a cikin ita sabar dai. Wato mai tsoron gobara ya kwashe kayansa daga ƙarƙashin gado ya mayar kan gado. Idan Shugaba ya tambaya, sai ya nuna sama ya ce, "Komai na cikin gajimare, ranka ya daɗe." Shugaba ya ɗaga kai ya kalli fanka, hankalinsa ya kwanta.

Mataki na 5: Idan jar fitila ta kama, nemo salatif

Wannan shi ne zuciyar darasin, ka natsu.

A gaban saba akwai ƴar ƙaramar fitila. Idan kore ce, lafiya. Idan ta koma ja tana ƙyaftawa, faifan ciki ne yake sallama da duniya. Waɗanda suka ƙera na'urar sun sa ta ne don ka tashi tsaye. Sun manta cewa fitila ba ta tayar da hankali sai an gan ta.

Ta Injiniya ta koma ja ana jibi masu duba makarantu za su zo. Ya yanko baƙin salatif kamar farcen babban yatsa, ya liƙe ta, da niyyar dubawa idan baƙi sun tafi. Baƙi suka zo, suka sha sanyi, suka rubuta cewa ɗakin abin koyi ne. Bayan irin wannan yabo, ɓare salatif ai rashin kunya ne.

Wata biyu bayan nan Inna ta kawo masa takarda ya sa hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karkata kai.

"Ɗan nan, akwatin naka tari yake yi."

Da gaske wani ƙas-ƙas-ƙas ke fitowa daga ciki.

"Tunani yake yi, Inna."

"Haka marigayi mijina ya yi irin wannan tunanin sati biyu," ta ce, ta karɓi takardarta ta tafi.

Mataki na 6: Ranar da abin ya faru, san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ta Injiniya ta faɗo ranar Alhamis da hantsi. Saba ta yi ƙas na ƙarshe ta yi shiru. Ranar Litinin da tsakar rana hukumar jarrabawa za ta rufe karɓar makin shekara uku na ɗalibai ɗari huɗu da goma sha biyu ƴan ajin ƙarshe. Wanda makinsa bai shiga ba, ba zai zauna jarrabawar fita ba sai baɗi.

Injiniya ya kashe ya kunna. Ya kashe ya kunna. Ya hura mata iska da baki. Ya ɓare salatif, ko fitilar za ta ji kunya. Daga nan ya tafi neman foldar AJIYA, sai a lokacin ya tuna inda take.

Ya bi baranda zuwa ofishin rajista, ya yi sallama da muryar da bai taɓa sanin yana da ita ba.

"Inna, ina wuni. Ya jiki? Ya yara?"

"Akwatin ya mutu ke nan?"

"Ya ɗan suma."

"Ɗauko wancan, da wancan, da na ƙasan."

Ya buɗe littafin farko da niyyar ya kwashe su ya tafi ɗakinsa. Sai ya ga ba zai iya ba. Ba bisa harafi ta jera sunaye ba, bisa ranar da yaro ya fara shigowa ofishinta ne. Ɗalibai tara sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, ta bambanta su da ɗigo da ƴan zane-zane a gefe.

"Wannan ƙugiyar fa?"

"Mai kunnen nan ne. Mai ɗigo biyu shi ne wanda uwarsa ke sayar da gawayi. Kada ka haɗa su, ɗaya na ci ɗaya na faɗuwa."

Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan katin da ke jikin kalanda. Gobe Juma'a, ƙarfe takwas na safe. Bayan aiki kuma za a naɗe idon, ba karatu sai bayan sati.

A nan, ɗalibina, kada ka roƙa. Roƙo yana jawo bashin godiya. Tsaya kawai ka yi shiru, ka bar mutumin kirki ya yi lissafin da kansa. Haka Injiniya ya yi. Inna ta laluba bango, ta zare allurar, ta jefa katin cikin jaka.

"Jawo kujera. Ni in karanta, kai ka danna. Ka dai iya dannawa ko?"

Juma'a, Asabar, Lahadi, daga safe zuwa la'asar, hancinta a kan takarda, ruwa na bin kumatunta tana sharewa da bakin mayafi. Ƴarta ta bugo waya daga harabar asibiti tana faɗa har Injiniya na jiyowa. Inna ta ce, "Ke, ido biyu ne, yara ɗari huɗu. Ki karɓo mini wata ranar." Ta kashe. "Ina muka tsaya? Mai kunne, lissafi, sittin da ɗaya."

Sun gama Litinin saura minti arba'in a rufe.

Mataki na 7: Karɓi yabo da tawali'u

Ranar Talata Shugaba ya tara makaranta a fili. Ya ce an shiga wani hali, amma Injiniya ya kwana uku yana fafatawa har ya sauko da makin yara daga gajimare. Ya ce wannan darasi ne ga masu shakkar kimiyya. Ya miƙa masa makirufo.

Injiniya ya zo da niyyar faɗin gaskiya, har ya tsara jimlolin a hanya. Ya gyara murya, ya ga idanu dubu a kansa, ya ga Malamin Fiziks yana jinjina masa hannu.

"Fasaha ce," ya ce. "Sai dai mu gode wa Allah."

Aka tafa. Inna ma ta tafa daga layin ƙarshe, tana fuskantar sandar tuta, inda take zaton yana tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukuici. An sayo sabuwar saba, an ƙara wa ɗakin labule.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko ɗalibanka, ko na'urarka, idan ka bi waɗannan matakai. Bai ce ka sayi salatif ba. Bai kuma ba da tabbacin cewa makarantarku tana da Inna ba. Idan ba ta da ita, laifin masu ɗaukar ma'aikata ne. Duk kamannin da ka gani tsakanin Injiniya da wani mai rai, sanƙo ne kawai, kuma sanƙo na kowa ne.

An haɗa faifan ajiya. Butar shayi yanzu a kan tsohuwar saba take zama.

Asibiti sun ba Inna sabon kati. Ta kawo shi ƙarshen baranda, ta tsaya a ƙarƙashin BA A SHIGA, ta ce rubutun ya yi mata ƙanana. Wata bakwai nan gaba, ranar Laraba. Ni na karanta mata, wato Injiniya ya karanta mata. Ta ce Allah ya kai mu, ta tambaya ko ina da allura, tata ta faɗi ba ta gan ta ba.