Kibiyar Alhaji Shitu Ta Kalli Yamma

Duk wanda bai san Alhaji Shitu Na-Dubai ba, to ya yi wa kansa jaje, don rabin daɗin duniya ya wuce shi. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ido. Kai, idon Alhaji ya wuce irin namu, da iyakacinsa ya bambance gero da dawa. Sau uku yana zuwa Dubai sarin tayil da kawunan famfo, a zuwa na uku har kwana tara ya yi, kuma tun ranar da ya dawo bai ƙara ganin abin da ya burge shi tsakanin Rano da Kibiya ba. Duwatsun Rano ma cewa ya yi an jibge su ba tsari. 'Yan tasha suka laƙaba masa Injiniyan Duniya, ya ji daɗi ƙwarai, har ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

Amma wannan babban bawan Allah yana da ciwo ɗaya a zuciya, ciwon da ko Hajiya Luba matarsa bai taɓa faɗa wa ba. Bai taɓa sallar Juma'a a sahun gaba ba. Kafin ya gama zaɓen hular da ta dace da takalmi, tsofaffin gari sun cike wurin, sai ya ɓige a bakin titi kusa da baburan 'yan acaɓa. Wata Juma'a ya aika da dardumarsa tun hantsi a kama masa wuri, wani dattijo ya naɗe ta tsaf ya tokare bayansa da ita. Ran nan Alhaji ya yi rantsuwa a ransa: sai ya tsaya daidai bayan liman, manyan gari duk suna bayansa suna kallon ƙeyarsa, ko da kuwa masallacin shi zai gina da kansa.

To, mutum irin Alhaji ba zai gina masallaci haka kawai kamar kowa ba. Sai ya tara jama'a a filinsa na bakin hanyar Kibiya, ya hau kan bulo, ya buɗe wata takarda mai faɗin tabarma.

"Jama'a," in ji shi, "wannan zanen ginin da na sauka a cikinsa ne a Dubai. Hawa huɗu zan yi muku. Kada wani ya kuskura ya kira shi gidan haya. Kowa sayen sashensa zai yi, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, matakala da rijiyar burtsatse da masallaci kuwa na kowa da kowa ne. Sunan irin wannan gini kwandominiyom."

Mai shayin da ke gefe ya tambayi na kusa da shi, "Kwandon me ya ce?"

"Kwandon alminiyom."

Kafin magariba, daga Nariya har Unguwar Gai an ji labarin Alhaji zai saƙa kwando hawa huɗu ya zuba mutane a ciki.

Wanda aka ba aikin shi ne Haliru magini, mutum mai sanyin magana da ya shekara talatin yana riƙe da cokalin gini, masallatan da ya ɗora a ƙauyukan nan kuwa shi kansa bai san adadinsu ba. Doka ɗaya Alhaji ya kafa masa: ba a canja ko ƙusa. Gefen da ya kalli faɗuwar rana a Dubai, shi zai kalli faɗuwar rana a nan. Haliru ya ja igiya, ya kafa turaku, ya fitar da harsashi. Da ya zo kan masallacin da ke hawan ƙasa sai ya tsaya, ya dubi takarda, ya dubi rana, ya sake duban takarda.

"Alhaji, akwai 'yar magana. Mihirabin nan yamma yake kallo."

"To sai me?"

"Ai mu gabas muke duba, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mai jinya. "Haliru, Haliru. Tsakanin kai da injiniyan Dubai, wa ya fi kusa da Makka? Mutanen da in sun yi tari ana ji a Harami, su za ka gyara wa alƙibla? Da idona na gani, kwana tara ina sallah a ɗakin nan, rana tana faɗuwa a gabana."

Haliru ya ciro wayarsa ya nuna masa allurar da ke nuna alƙibla. Alhaji ko kallo bai yi ba. "Wayar China ce za ta nuna min Ka'aba? Ka fahimta, alƙiblar ƙasa daban, ta bene daban. A gida ni ma gabas nake duba, don gidan ƙasa ne. Ja igiyarka, malam."

Haliru ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya ja igiya.

Gini ya tashi a bayan shingen kwano, don Alhaji ya hana kowa leƙe. Da aka zo kan ado kuwa, nan Injiniyan Duniya ya nuna wa duniya shi ne. Tayil ɗin falo santsinsa ya kai ƙadangare ya shigo da gudu, bai samu tsayawa ba sai da ya bugi bangon kicin. Tagogi gilashi ne zalla, ba sa buɗuwa, saboda a Dubai ba a shaƙar iskar waje. Fentin bango, da duk mai ido zai rantse ruwan kunun kanwa ne, Alhaji ya ce sunansa madarar raƙumi. Fitilun da ke reto a falo sai mai tsawo ya sunkuya. An bar wani dogon rami daga ƙasa har sama saboda na'urar hawa, wadda za a saka da zarar wutar lantarki ta zauna, tantabaru kuwa suka ce kafin nan bari su riƙe wurin.

Mutum biyu kacal ya yarda suka shiga kafin ranar buɗewa, su ma sai da suka sa safa. Hajiya Luba ta zagaya kicin ɗin hawa na uku, ta shafa kabad masu sheƙi, ta ce, "Ya yi kyau, Alhaji. A ina za a kafa turmi?"

"A Dubai ba a daka."

"Su da ba sa shan fura."

Na biyun shi ne Sule Fammar, manomin da ya fi kowa rumbuna a yankin, wanda Alhaji ke fatan ya fara sayen sashe. Sule ya hau har hawa na huɗu yana haki, ya leƙa ƙasa, ya yi maza ya ja da baya.

"Yanzu in na sayi nan, ƙasar da ke ƙarƙashina ta wa ce?"

"Ta kowa."

"Saman kaina fa?"

"Shi ma na kowa."

"To ni me na saya, Alhaji? In na mutu magada iska za su raba?"

Alhaji bai kula shi ba, ya ɗaga hannu ya nuna silin. A tsakiyar kowane ɗaki, cikin farin ado mai furanni, an zana wata ƙatuwar kibiya an shafe ta da ruwan gwal, irin wadda ya gani a masaukinsa tana nuna alƙibla. Can ƙarama ce kamar yatsa. Tasa ta kai tsawon taɓarya.

"Kibiya a Kibiya!" in ji shi, cike da murna. "Wa ya taɓa yin wannan tunanin? Ɗaki arba'in da takwas, kibiya arba'in da takwas. Ba wanda zai ƙara tambayar alƙibla a garin nan."

Sule ya bi tsinin kibiyar da ido har taga, ya ga rana tana gangarawa ta wajen. Ya buɗe baki, ya tuna shi ko Legas bai taɓa zuwa ba, ya rufe.

Masallacin kuwa sai wanda ya gani. Mihirabi na dutsen mabul, an saka masa gilashi kore da ja daga sama. Kafet ɗin sahun gaba ya ninka na sauran kauri, kuma daidai tsakiya, bayan liman, an shimfiɗa wata darduma mai geza da ba ta da ta biyu. Kullum Alhaji sai ya shigo ya tsaya a kanta ya gwada, ya waiwaya ya dubi inda manyan gari za su jeru. Ta ƙofa yakan hango Haliru da leburori a gindin darbejiya sun juya wa ginin baya suna sallarsu. Tausayinsu yake ji har ransa.

Ranar buɗewa ta zo, wata Asabar. Aka cire shinge, aka yanka sa, aka ci shinkafa har aka bar saura. Limamin unguwa bai kai ya buɗe irin wannan wuri ba, saboda haka Alhaji ya aika direbansa Tajuddeen ya ɗauko wani babban malami daga Kano, Malam Uzairu, wanda ba su taɓa ganin juna ba. Alhaji ya ce ba zai fita tarya ba, manya ba sa gabatar da kansu, gano su ake yi. Gaskiyar magana kuwa tsoro yake kada ya ɗaga wani ya haye masa darduma. Kafin Tajuddeen ya tafi, ya ja shi gefe ya ce, "Ka raɗa wa Malam, mai ginin shi ne wanda zai tsaya daidai bayansa. In an idar ya juyo ya yi masa addu'a da ƙarfi, kowa ya ji."

Tun bayan Azahar Alhaji ke zaune a kan dardumar, cikin babbar riga mai aska takwas. Manya suka shigo suka cika sahun gaba, matsakaita suka bi baya, aka yi ta jeruwa har bakin ƙofa. Haliru da leburorinsa nan aka tsayar da su kusa da takalma, kada ƙafafunsu su ɓata kafet. Duk wanda ya zauna sai ya ji wani abu bai yi masa daidai ba, ya saci kallon na kusa da shi, ya ga shi ma ya yi shiru, sai ya ce a ransa wataƙila haka ake yi a bene. Ga kuma shinkafar mutum a cikinsu.

Malam Uzairu ya iso a makare, La'asar har ta ɗan gota. Dattijo ne siriri mai sanda. Aka buɗa masa hanya ya ratsa har mihirabi, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kai. Rana ta ratso gilashin nan ta dalle masa ido, gemunsa ya koma rabi kore rabi ja.

Malam ya kare fuska da hannu. "Wa ya ce min La'asar ta yi? Ga rana a gabana. Ai hantsi ne."

Can daga sahu na uku Sule Fammar ya yi gyaran murya. "La'asar ce, Allah gafarta Malam. Yamma kake kallo."

"Subhanallahi!"

Alhaji ya cika baki da bayanin alƙiblar bene, amma kafin ya furta, Malam ya ɗauki sandarsa ya koma ta inda ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa sanda ya ture takalma gefe, ya fuskanci gabas, inda babu mabul babu gilashi sai tarin silifa da babura.

"A juyo. A daidaita sahu."

Mutum ɗari biyu suka juya a inda suke, kamar an juya waina. Alhaji ma ya juya, sai ya ga ƙeyoyi. Ƙeya bayan ƙeya, sahu goma sha ɗaya, har can inda ya hango rawanin Malam ɗan ƙarami. Bayansa kuwa ba kowa sai mihirabi. Ya yunƙura zai kutsa, ladan ya tayar da iƙama, kafaɗu suka haɗe kamar an ɗinke su. Na kusa da shi ya riƙo masa hannun riga ya ce, "Haba Alhaji, an tayar. Cike sahu."

Raka'a huɗun nan Allah kaɗai ya san abin da Alhaji ya karanta a cikinsu. Rana tana gasa masa ƙeya, baƙin ciki yana gasa masa ciki, wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige, sai dai tayil ɗin mai ƙarko ne.

Aka yi sallama. Malam Uzairu ya juyo kamar yadda aka raɗa masa, ya ga mutumin da ke daidai bayansa: kaftani koɗaɗɗe, faratai cike da siminti, ƙafa duk faso.

"Kai ne mai ginin?"

Haliru ya sunkuyar da kai. "E to, ni na gina shi, Allah gafarta Malam. Daga harsashi har sama."

"Allahu Akbar!" Malam ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har na sahun ƙarshe zai ji. "Jama'a, ku dubi tawali'u! Mutum ya tayar da hawa huɗu, amma ku dubi rigarsa. Irin waɗannan bayin Allah ne ake ba mu ruwan sama saboda su."

Ya shiga addu'a. Ya roƙa wa Haliru lafiya, ya roƙa masa zuri'a ɗayyiba, ya roƙa wa iyayensa rahama, ya roƙa masa gida a Aljanna wanda ya fi wannan hawa. Jama'a suna ta amin, amin, wasu kafaɗunsu na rawa don dariyar da suke dannewa. Da zai shafa sai ya ɗan dakata.

"Sai dai shawara ɗaya, ɗana. Wanda duk ya nuna maka alƙiblar nan, ka daina jin maganarsa. Jahili ne, kuma da alama bai san jahili ne ba. Mu roƙa masa, Allah ya ba shi ilimi, ya nuna masa gabas."

Masallaci ya ɗauka gaba ɗaya, har tantabaru suka tashi daga raminsu: "Amin!"

A can sahun ƙarshe Alhaji Shitu ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga kowa shi yake jira ta wutsiyar ido. Ya ɗaga hannu ya shafa fuska, ya ce amin.