Sautun Da Na Ba Kawun Matata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa an wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulu, ranar walimar auren ƙanwar matata a unguwar Whitechapel ta London, ranar da na ɗaga hannuwa sama a gaban dangi kaf, da guntun nama a bakina, na miƙa wuya ga 'yan sandan da ba ni suka zo nema ba.

Bari in faro daga tushe, don kada ku ce haukan a rana ɗaya ya kama ni. Ni mutumin Zamfara ne. Ina aikin jinya a wani gidan tsofaffi, muna zaune a wani flat a Thamesmead, ni da matata Maman Hanan da 'ya'yanmu mata biyu. A shekarar muna jiran takardar zama ta dindindin, bayan shekarun da muka yi muna tafiya a kan ƙwai. Ko tikitin tarar mota ba na yarda ya biyo ni gida, domin kowa ya san sunanka ya shiga littafin 'yan sanda, takarda ta yi fuka-fuki. Makarantar yara, aikina, komai namu a kan takardar nan yake rataye.

Ana cikin haka ƙanena ya kira daga gida ya ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, sun kwashi mutane. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma har yau ba na yi masa dariya. Tsoro ya shige ni sosai. Sai dai maimakon tsoron ya tsaya inda ya dace, sai ya biyo ni London ya tare a falona.

Na faɗa kallon bidiyon wasu Amurkawa masu gemu kamar na bunsuru, masu koyar da zaman ko-ta-kwana. In wuta ta ɗauke, in abinci ya yanke, in duniya ta birkice, me ka tanadar wa iyalinka? Na sayi kifin gwangwani har ƙarƙashin gado ya cika. Na sayi tocila, na jera jarkokin ruwa a bayan ƙofa, Maman Hanan na tuntuɓe da su tana "Allah ya shirye ka, Abban Hanan." Sai masu gemun suka ce duk wannan wasan yara ne in babu bindiga.

Nan fa na zama malami. Ni da ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba (akuya ma in za a yanka, bayan gida nake zagayawa), na shiga zaɓe kamar mai neman aure. Wannan ta yi nauyi. Waccan ta yi tsawo. Waccan kuma tana dukan kafaɗa. Ni dai mara nauyi nake so, wadda ba sai an ɗana ta a kowane harbi ba, wadda ko ba na nan Maman Hanan za ta iya ɗauka. Har jarkar man gyaɗa na miƙa mata rannan na ce ta riƙe a miƙe in ga ƙarfin hannunta. Ta dube ni, ta dubi jarkar, ta ce, "In soya maka wani abu ne?"

Na ji ƙishin-ƙishin cewa ƙasar nan ba a sayar da irin wannan. Amma kun san halinmu. In an ce babu abu a gari, ba ma cewa haramun ne, cewa muke wa zai yi tafiya? Haka muke samun kilishi, haka muke samun daddawa da kuka. Sautu ne maganin komai. Ga shi kuma Kawu Bala, ƙanen mahaifiyar matata, tsohon malamin jami'a a Texas, ya yi booking zai zo biki. Texas fa, inda masu gemun suka ce bindiga kamar rake take a kasuwa.

Na kira shi. Na yi gaisuwar surukai har da durƙusawa, ko da yake ba ganina yake ba. Na karanto masa bayanin wadda na zaɓa, na ce, "Kawu, don Allah mara nauyi, ta iyali, saboda ko-ta-kwana. Kuma kada Maman Hanan ta ji, mata ba su da sirri." Kawu ya ce, "To. Allah ya kai mu." Ni kuwa a wurina dattijo ya ce to, magana ta ƙare.

Ana gobe biki na kasa riƙe bakina, na yi wa Razak fankama. Abokin aikina ne, mutumin zangon Kumasi. Muna shan shayi na nuna masa hoton bindigar a waya. Shayin ya sarƙe shi. "Kai, ɗan'uwa! Wannan bindiga, in ya shiga hannunka, fursuna ne straight. In ka gama, su sa ka jirgi. Matanka, yaranka, duka ku koma." Na ce ai sautu ne, ba ni na saya ba. Ya ce in gaya wa alƙali haka. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na duba dokar a waya. Ashe gaskiya Razak ya faɗa.

Na kira Kawu, waya a kashe, yana sama. Da ya sauka kuma dangi sun kewaye shi, kuma ta ina zan fara? In ce wa surukina na fasa, bayan dattijo ya sa kansa a hatsari saboda ni? Na yi ta addu'a Allah ya sa ya manta. Sai kuma wata zuciyar ta ce ai da sun kama shi a filin jirgi da mun ji. Tunda ya fito lafiya, ko dai bai kawo ba, ko kuma tsohon ya san hanya. Na biyun ne ya hana ni cin abincin safe.

A zauren walima na laɓe a kujerar ƙarshe. Ban tsira ba. Kawu ya tako da babbar rigarsa, riƙe da wani dogon kwali da aka naɗe da salatif ta ko'ina, ya ɗora mini a cinya a gaban mutane. "Ga sautunka, ɗana. Mara nauyi, kamar yadda ka ce. Ko Hanan za ta iya ɗauka." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Jama'a, na yi gumi. Na tura kwalin ƙarƙashin tebur, ya leƙo ta ɗaya gefen. Na jingina shi da bango, wani yaro ya zo zai hau shi doki, na daka masa tsawar da uwarsa ba ta yafe mini ba har yau. In fita da shi? In hau jirgin ƙasa na tube da shi, a gaban kyamarori? In bar shi a nan, da zanen yatsuna a jiki? Ina ganin takardarmu tana ɗaga mini hannu. Na sa nama a baki don kada wani ya ja ni da hira.

Sai ga 'yan sanda biyu a bakin ƙofa, mace da namiji.

Daga baya na ji cewa motar wani abokin ango ce ta toshe hanyar motar asibiti, suka shigo neman mai ita. Amma ni a lokacin, na ga macen ta waiwayo ɓangarena. Ban san sanda na miƙe ba. Hannuwa sama, nama a kumatu, na kwarara ihu da Turanci da Hausa a haɗe: "Officer, ba tawa ba ce! Wallahi ba ni na shigo da ita ba! Ga shi can, shi ya kawo ta daga Amurka!" Kuma na nuna Kawu. Da yatsa. Surukina, mai furfura, yana tsaka da yi wa amarya addu'a.

Namijin ya tambaye ni mene ne a kwalin, na ce bindiga. To, su ba sa wasa da wannan kalma. Nan take aka matsar da mutane baya, mata na jan yara, amarya ta fashe da kuka, kwalliya na zuba. Kawu ya tako a hankali, ya gaya musu cikin Turancinsa na malamai cewa su buɗe, shi ya ɗauki alhaki. Aka yanka salatif.

Lema ce. Ƙatuwar lema baƙa, irin wadda mutum huɗu za su shige. Da safen nan ya saye ta a kasuwar Whitechapel. 'Yar sandan ta taɓa maɓallin, lemar ta buɗe fau, ni kuma (Allah ya sani ba da sanina ba) na faɗi ƙasa na rufe kai.

Dariyar da aka yi, har wata tsohuwa da ta zo daga Croydon da sandar tafiya sai da aka riƙe ta. 'Yan sandan ba su yi dariya ba. Suka ja ni gefe, suka rubuta sunana da adireshina, suka yi mini tambayoyi, washegari kuma aka zo aka duba flat ɗinmu, aka sami kifin gwangwani. Sunan da na yi shekaru ina ɓoyewa daga littafinsu, da bakina na karanta musu shi harafi-harafi.

Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Na so in koya maka darasi a cikin gida, kai kuma ka gayyato hukuma." Ashe tun ranar da na kira shi ya kira Maman Hanan ya gaya mata. Da ita aka zaɓi lemar.

Muka hau bas ɗin komawa gida, ni da Maman Hanan, har muka kusa sauka. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abban Hanan, 'yan sanda biyu ne fa, ko sanda ba su ɗaga ba, ka nuna Kawu. Da 'yan bindigar da kake tsoro ne suka shigo, wa za ka fara nunawa, ni ko yaran?" Wannan tambayar ta fi dariyar zauren zafi, kuma har yanzu ban ba ta amsa ba.

Watannin da suka biyo baya na rame kamar mai jinya, kullum ina jiran a ce an yi refusing ɗin takardarmu. Allah ya rufa asiri, takarda ta fito, ba don wayona ba. Sunan da ya manne mini dai bai fita ba: duk taron 'yan Arewa a London, Sarkin Yaƙi ake kirana, yara ma har sara mini suke.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya auna nauyin bindiga, ya fara auna nauyin zuciyarsa, domin tawa ko jarkar man gyaɗa ba ta kai ba. Lemar tana nan a bayan ƙofa, inda jarkokin ruwa suke a da. Duk ranar da hadari ya haɗu, Maman Hanan takan miƙo mini ita ta ce, "Ɗauki makaminka, Sarkin Yaƙi, ka raka yara makaranta." Nakan karɓa, in raka su. A cikin duk abin da na tanada don kare iyalina, ita kaɗai ce ta taɓa kare su daga wani abu.