Fure a Kuncina

Ranar kamun 'yar yayarmu a Garo na rantse sai an daina kiran sunan Hadiza. Ƙanwata ce, ni na goya ta, amma tun da ta koyo zanen lalle a Gwarzo, duk matar da ta shigo sai ta ce, "Ina gwanar?" Ni kuwa daga "Sannu, Yaya" shi ke nan.

Na sayi baƙin lallena, na shige ɗaki, na zana wa tafin hannuna fure har da ganyensa. Wallahi ya yi kyau. Na fito tsakar gida na zauna, na shanya hannu a kan gwiwa, ina jiran yabo.

Ba wadda ta kalle ni. Duk sun baibaye Hadiza tana yi wa amarya. Har Innarmu cewa take, "Kai, yarinyar nan, Allah ya yi miki baiwa!" Abin ya tsaya mini a rai. Ban san lokacin da na zabga tagumi ba, na daɗe a haka ina harararsu.

Ina sauke hannu, Inna ta saki salati. "Ke! Mene ne wannan a kuncinki?"

Na dirje da sabulu, da toka, da lemon tsami. Fure ya zauna daram, ganyensa har gindin kunne. Haka na shiga hotunan biki. Hadiza ta ƙare masa kallo ta ce, "Gaskiya, Yaya, hannunki ya faɗa."

Har yau in na yi shiru a taro, sai wata ta ce, "Ku riƙe mata hannu, za ta fara zane!"