Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Noma

Sati biyu kacal na yi ina koyon kwamfuta a Kano, amma na dawo ofishinmu na Dutse ina tafiya kamar ni na ƙera ta.

Kwamfutarmu guda ɗaya ce, kuma ta ɗauki wata ɗabi'a: ana cikin aiki sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci, komai ya tsaya cak. Rannan ta yi haka Hajiya Talatu, mai buga mana takardu, tana tsakiyar jawabin da Darakta zai karanta washegari.

"Mu kira mai gyara," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, ina zaune?"

Na leƙa ciki, na ga fayil-fayil ɗaruruwa a cunkushe, masu sunayen da ban taɓa ji ba. Ni ɗan manomi ne daga Aujara. Na san in gero ya tsiro a matse, cire wasu ake yi sauran su sha iska. Na bar waɗanda na sani, na share baƙin, har ina yi wa Hajiya bayanin gero.

Na kashe, na kunna. Akwatin bai sake fitowa ba. Komai ma bai sake fitowa ba.

Da Darakta ya shigo, Hajiya ta ba shi labarin geron. Ya kalli baƙin gilashin kwamfutar, sannan ya ce a hankali, "Sannu da noma."

Da hannu Hajiya ta rubuta jawabin. Yanzu na yi ritaya, amma ko wayarta ce ta ƙi aiki sai ta kira ni: "Sarkin Noma, gonar nan ta cunkushe, yaushe za ka shigo?"